Barau da Murjanin Yaya Asama'u

Duk wanda ya gaya muku Barau ne ya ɓata murjanin gidansu, ku tambaye shi ko yana wurin. Mutanen Gumel haka suke. Mutum ya kawo musu ilimi har ƙofar gida, sai su bar ilimin su kama maganar gilashin adaidaita.

Barau dai mai gyaran agogo ne a bakin tasha, dattijo mai rina gemu, wanda ko shara zai fita zubarwa sai ya karya hula. Tun da waya ta shiga aljihun kowa aka daina ɗaura agogo, sai ya zama daga safe zuwa yamma ba abin da yake gyarawa sai zamansa a kan benci. Shi a ganinsa agogo ƙaddara ce kawai ta same shi. Asalin baiwarsa sanin duwatsu masu daraja ne.

Karatun kuwa a bayan kamiyo, babbar motar kaya, ya yi shi, tsakanin Maigatari da Gumel. Yana dawowa daga cin kasuwa ne ya zauna kan buhunan gero kusa da wani dattijo mutumin Agadas mai fataucin duwatsun ado. Dattijon ya kwance ƙullinsa yana nuna masa. Wannan aƙiƙ ne, ɗora shi a kumatu ka ji sanyi, roba ba ta da wannan sanyin. Wannan kwalba ce aka narka, leƙa cikinta ka ga 'yan ƙwayoyin iska. Daiman, wato lu'ulu'u, yana karce gilashi. Wasu duwatsun suna ƙyalli in an haska su da shuɗin haske. Murjani kuma da ɗigon lemun tsami ake gane shi. Injin mota na ruri, iska na kwashe rabin maganar, Barau na gyaɗa kai kamar wanda ake maimaita wa abin da ya daɗe da sani. Bai tambayi komai ba, don tambaya a wurinsa zubar da girma ce. Da suka iso Gumel mutumin Agadas ya wuce Kano, Barau ya sauko masani.

Kayan aiki ba su ba shi wahala ba. Ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido don duba cikin agogo yana nan. Ya samo 'yar tocila mai shuɗin haske, irin wadda masu canji ke duba jabun kuɗi da ita. Sannan ya zauna ya shimfiɗa wa matarsa Rabi shirin. Ranar Alhamis zai kafa tebur a kasuwar Maigatari. Duk dutsen da ya tsallako daga Nijar sai ya bi ta ƙarƙashin idonsa. Kafin a jima manyan 'yan kasuwa za su riƙa aiko da mota, daga nan sai sarautar Sarkin Duwatsu. Wanda zai naɗa shi bai tantance ba tukuna, amma kalar rawanin ya riga ya zaɓa.

Rabi na tankaɗe, ba ta ɗago kai ba ta ce, “Malam, a ƙasar nan da ko dutsen murhu sai an sayo?”

Ya ce mata shi ya sa sarautar ba ta da ɗan takara.

Ana cikin haka Yaya Asama'u ta iso daga Sule Tankarkar. Ita ce babbar yayarsa, ita ta goye shi, har yau kuwa in ta dube shi sai ya gyara tsayuwa. Ranar Asabar za a kai 'yarta Naja'atu gidan ɗan Alhaji Lado, wani babban falken shanu a Maigatari. Ta kwance bakin zaninta ta fito da murjanin gidansu, ja wur, kowace ƙwaya sumul kamar an lashe. Tun daga kakar kakarsu yake. Ba a taɓa fitar da amarya daga gidan ba sai da shi a wuyanta, kuma al'ada ce matan dangin ango su kewaye ta su shafa su yaba kafin a tafi da ita. Gidan ba su da shanu, ba su da bene, wannan murjanin ne bakinsu a cikin taro. Zarensa ne ya tsufa, shi ne take so a kai wa ɗan kolin kasuwar Gumel ya zura sabo.

“Wurin ɗan koli, Barau. Ba wurinka ba.”

“Yaya, ai kin kawo shi gidan da ya dace.”

“Abin da nake tsoro ke nan,” in ji ta. Ta danƙa masa, ta juya ta dubi Rabi kallon ke ce shaida, ta kama hanya.

Barau ya jefa murjani a aljihun gaba, ya ce ɗan koli ba gudu zai yi ba, bari ya fara wasa hannunsa.

A bakin layinsu akwai tulin tsakuwa da tifa ta juye don aikin kwalbati. Ya tsinci wata fara mai sheƙi, ya shiga ɗaki, ya ja ta a kan madubin Rabi. Ƙiiii. Layi ya fito tar. Barau ya nemi bakin gado ya zauna. Daiman, a bakin layinsu, kaji na tono a kai. Amma masani ba ya yanke hukunci da shaida guda. Ya gwada a gilashin taga, ya fito. Ya gwada a fuskar agogon bango, ya fito. Ya leƙa waje, sai ga adaidaitar Nura maƙwabcinsa a gindin darbejiya, gilashin gabanta faffaɗa, sabo fil, an wanke shi da safe. Nura ya fito daga cin abinci yana suɗe hannu, ya tarar Barau ya kusa gama rubuta sunansa.

“Baba Barau, me gilashina ya yi maka?”

“Shaida ya bayar, yaro. Wata rana za ka riƙa nuna wa fasinja wurin nan.”

Nura ya ƙarasa suɗe hannunsa. Ya je tulin ya dumbuzo tsakuwa ba zaɓe, ya wuce wurin teburin Barau da ke ajiye a zaure, ya ja ɗaya a kan akwatin gilashin da agoguna ke ciki. Ƙiiii. Ya ja ta biyu, ta uku. Ya ɗebo yashin ƙasa ma ya goga, shi ma ya bar zane. Ya tambayi Baba Barau ko duk Jigawa ce daiman. Wani mai ƙaramin sani da nan ya karaya. Barau kuwa ya ja Nura gefe, ya rage murya, ya ce masa ya riƙe bakinsa, tifar ce gaba ɗaya.

Nura ya riƙe bakinsa har tasha. Kafin la'asar labari ya kai Gagarawa cewa a Gumel akwai mai gane daiman a cikin tsakuwa. Mutane suka yi ta sauka daga babura da buhuna, tulin kwalbati ya ƙare ƙaf, ya koma ƙofar gidan Barau ana layin a duba. Da masu aikin kwalbati suka dawo ba su sha wahalar bincike ba, sawun tsakuwar suka bi. Aka ɗora wa Barau kwanon sarki a ka, ya yi ta jigila yana mayarwa, 'yan unguwa na zaune a inuwa suna yi masa sannu da aiki, Sarki. Shi dai ya ce dukiyar ƙasa ce yake mayar wa hukuma da hannunsa, don kada ta faɗa hannun jahilai.

Washegari Rabi ta tuna masa da ɗan koli. Ya ce saura gwajin haske.

Gwajin haske sai da duhu, don haka da hantsi ya tara maƙwabta a ƙofar tsohon ɗakin ajiya na ƙasa da ke bayan gida, ya shiga ya turo ƙyaure, ya bar 'yar kafa don su ji bayani. Ya kunna tocila. Farar rigarsa ta ɗauki haske fau kamar fitila. Ya sanar da na waje cewa wannan ba abin mamaki ba ne, abu mai daraja duk inda yake sai ya nuna kansa. Rabi ta ce garin sabulun da ta wanke rigar da shi ne. A daidai lokacin Barau ya hango wani abu a tsagar bango kusa da ƙasa, kore shar, yana ƙyalli kamar an kunna shi daga ciki. Ya ce zumurrudu ne, lalle kakansu ya binne dukiya a ɗakin nan. Ya durƙusa, ya yi bisimilla, ya zura manuniyarsa.

Abin da mutumin Agadas bai faɗa ba, ko ya faɗa iska ta kwashe, shi ne kunama ma tana ƙyalli a shuɗin haske.

Barau ya ce shi bai yi ihu ba, salati ya yi. Nura ya ce salatin har tasha an ji shi. Aka ɗaure yatsan da tsumma ya zama kamar taɓarya, ya wuni yana ɗaga shi sama, abin da ya ƙara masa kamar malami mai jan kunne. Rabi ta ce ya ba ta murjanin ta kai wa ɗan koli da kanta. Ya ce ina, masani ba ya buɗe tebur ba abin nunawa. Daga Maigatari sai wurin ɗan koli, ko gida ba zai biyo ba.

Ranar Alhamis kasuwa ta cika ta batse, raƙuma da shanu ta can, kamiyoyin Damagaram ta nan. Barau ya kafa tebur a ƙarshen layin 'yan koli, gilashi a ido, yatsa a sama. Wata Bafulatana mai nono ta miƙo masa duwatsun wuyanta. Ya ɗora a kumatu, ya ji zafi, ya ce roba ne. Wani ya ba shi zobe, zafi, roba. A ranar Maigatari ta tsakar rana ko randa ka ɗora a kumatu zafi za ka ji, don haka duk abin da ya zo teburin roba ya koma. Bafulatanar ta ce masa gemunsa ne roba. Jama'a suka fara watsewa.

Sai ga Alhaji Lado, uban ango, ya taho da mutanensa daga kara. Ya tsaya suka gaisa gaisuwar surukai, ya tambayi mutanen Sule Tankarkar da shirin biki. Barau ya ga dama ta kawo kanta. Ya zura hannu a aljihu ya zaro murjani ya ɗaga shi a rana. 'Yan kolin layin suka miƙo wuya. Waɗanda suka tafi suka dawo. Ya ce wannan shi ne zai shigo gidan Alhaji jibi a wuyan amarya, kuma yanzu a gaban kowa zai nuna yadda ake gane na gaske.

Ya ja ƙwaya ɗaya a gilashi. Gilashi bai ji komai ba, ƙwayar ce ma ta bar ɗan gari. Aka yi gunaguni. Ya haska tocila, rana ta shanye hasken. Ya ɗora a kumatu, ɗumin aljihunsa ya ji. Gumi ya fara sauko masa ta ƙarƙashin hula. Sai ya tuna da lemun tsami. Mutumin Agadas ɗigo ya ce, amma ɗigo na marowata ne. Barau ya sa aka matse masa lemu cike da kwano, ya naɗe murjanin kakar kakarsu, ya tsoma shi duka.

Kumfa ta fara tashi, ƙanana ƙanana, daga jikin kowace ƙwaya, da 'yar ƙara siii.

To ga kumfa, ga jama'a, ga suruki. Abin da ya rage shi ne a san me kumfar ke nufi, wannan kuwa yana cikin rabin da iska ta kwashe. Barau ya yi lissafi irin na masu hankali: abu na gaske ba ya tsoron tsami. Ya cire gilashi daga ido, ya sunkuyar da kai kamar alƙalin da shari'a ta biyo ta kan ɗansa.

“Jama'a, ko na gidanmu ne, gaskiya ɗaya ce. Roba ne.”

Alhaji Lado ya shafa gemu, ya ce Allah ya kyauta, ya ce ana jiransa a kara. Ya tafi da hukuncin a kunnensa.

Yana ba da baya wani ɗan koli ya matso, ya ce tunda roba ne a ba shi ya kai wa 'ya'yansa su yi wasa. Wani ya ture shi ya ce shi ya riga gani. Na uku ya riƙe hannun rigar Barau yana cewa ko ba zai rabu da shi ba, don girman Allah ya tsamo shi daga kwanon. Barau ya ji daɗin yadda hukuncinsa ya girgiza kasuwa, ya gyara tsayuwa ya shiga yi musu bayani a kan yadda masu jabu suka ƙware tun zamanin kakanni. Murjani na ciki yana siii. Bayanin ya yi tsawo.

Wani tsohon ɗan koli da ya gaji ya ciro tsarkiyar roba daga kayansa ya jefa a kwanon. Shiru, ko kumfa ɗaya. Ya jefa ta kwalba. Shiru.

“Malam, roba ba ta kumfa. Murjani ne ke kumfa, don cin sa tsamin yake yi. Tun ɗazu cin sa yake yi.”

Barau ya kai hannu da sauri, da yatsan kunamar kuwa, tsami ya ratsa tsumma. Ya fizgo, tsohon zare ya ce ga garinku. Ƙwayoyi suka watse a yashi. Sarkin Duwatsu ya bi su da rarrafe ta ƙarƙashin tebura, yana ture akuya, yana roƙon jama'a su ɗaga ƙafa, Bafulatanar nan tana nuna masa da bakin ludayi tana cewa ga wata robar can. An dai tattaro su duka, amma jan ya koɗe, sheƙin ya tafi, jikinsu duk zanzana kamar sun tashi daga ciwon agana.

Ranar Juma'a ya isa wurin ɗan kolin Gumel, wanda da tun farko wurinsa aka zo da ba a yi haka ba. Mutumin ya zura sabon zare yana tsaki. Ya ce sheƙin ba zai dawo ba sai da doguwar guga a hankali, amma in an ɗan shafa mai zai rufa asiri na wuni guda. Barau bai tambayi wane mai ba, kun san dalili. Ya yi tunani da kansa: jan abu, jan mai. Ya sayi manja, ya jiƙa murjani a ciki ya bar shi ya sha ya ƙoshi. Da ya tsamo shi kuwa, wallahi ko ranar da aka fito da shi daga teku bai yi wannan jan ba. Rabi ta ce ita ba da ita ba, ba kuma ita za ta miƙa ba.

Ranar Asabar a Sule Tankarkar sai da aka gama shirya amarya sannan ya miƙa ƙullin ta zaure. Yaya Asama'u, hankalinta a rabe tsakanin tukwane da baƙi, ta buɗe a duhun zauren ta ga ja yana sheƙi, ta ce ashe wani lokacin yana jin magana. Aka rataya wa Naja'atu a kan farin leshi. Barau ya koma rumfar maza ya zauna a gaba, yana yi musu bayanin yadda haske ke shiga dutse ya fita.

Matan dangin ango suka iso daga Maigatari, Hajiya Bilkis yayar Alhaji Lado a gaba. Tun daga ƙofa take cewa a matsa mata, ta zo ganin robar da ake ta labari, wadda kawun amarya ya yi wa shaida da bakinsa a tsakiyar kasuwa. Yaya Asama'u, da sai yanzu take jin zancen, ta tsaya da ludayi a hannu. Ɗaki ya cika, zafi ya taso, amarya na gumi a ƙarƙashin mayafi. Da aka yaye mayafin sai ga jajayen layuka sun gangaro daga wuyanta har ƙirjin leshin, ƙudaje na bi, ɗakin na ƙanshin miyar taushe. Naja'atu ta dubi ƙirjinta ta fashe da kuka, wanda dama ana jiran amarya ta yi, amma ba wannan ba.

Hajiya Bilkis ta kama ƙwaya ɗaya, ta shinshina, ta goge ta da gefen gyalenta, ta ɗan ƙwanƙwasa a haƙori, ta juya ta a hasken ƙofa tana duban zanzanar. Ta daɗe tana dubawa.

“Murjani ne, Asama'u. Na gaske, irin na da, wanda ba a samu yanzu. Amma wa ya soya shi?”

Yaya Asama'u ta ce a kira mata Barau.

Ya iso bakin zaure da fara'arsa, a zatonsa godiya ce. Ya tarar da ita tsaye, leshin a hannu, mata cike a bayanta. An canza wa amarya atamfa, an goge murjanin an mayar mata, fari-fari, dusashe, haka za ta fita da shi, haka duk wata amaryar gidan za ta fita da shi nan gaba. Yaya ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye shi wurin wa ta ce ya kai.

“Yaya, ki duba ta wannan wajen. Shekara da shekaru kuna rataya shi a kan zato. Yau Maigatari kaf ta shaida na gaske ne. Wa ya jawo?”

“Kai ka jawo,” in ji ta. “Ungo.”

Ta miƙa masa leshin, aka miƙo masa bokiti da sabulu. Ta ce ga rijiya can a ƙofar gida, gaban rumfar maza, ba zai tashi ba sai leshin ya koma fari, in ya so ya kwana.

Manja kuwa ba ya fita daga leshi. Barau na tsugune, hannun riga a naɗe, yatsa ɗaya a sama don kada sabulu ya taɓa shi, motocin ɗaukar amarya suka fara layi. Alhaji Lado ya ratso don yin sallama da surukai. Ya iso kan Barau, ya tsaya, ya dubi bokiti, ya dubi mai wanki. Sannan a hankali ya zare zoben aƙiƙ da ke yatsansa, ya jefa a aljihu, ya danna, kafin ya miƙo hannu.

Barau ya bi shi da kallo har ya shiga mota. Ya juya wurin mazan rumfa, ya rage murya, ya ce su dai su riƙe a cikinsu tunda an zama ɗaya, amma ba mai ɓoye wa masani zobe sai wanda ya san abin da ya saka.